Shekara tara ina koyarwa a makarantar nan, yau an mayar da ni wajen 'yan nazare

Assalamu alaikum Gwaggo, ya ƙoƙari, ya fama da mu?

Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a nan cikin garin Katsina, kuma tura ce ta kai bango shi ya sa na rubuto miki. Lokacin da aka buɗe makarantar nan a gidan haya take, yaran ko aji biyu ba su cika ba. Ni ce malama, ni ce mai karɓar kuɗin makaranta, ni ce mai wanke wa yaro idan ya ɓata wandonsa. Gida-gida muka riƙa bi da Hajiya mai makarantar muna roƙon iyaye su ba mu 'ya'yansu. Yau ga bene, ga motar ɗaukar yara, ga sashen sakandare an buɗe. Alhamdu lillahi, ni ba na baƙin ciki da arzikin kowa.

Amma Gwaggo, muna dawowa daga dogon hutu sai muka tarar an kawo sabon shugaba daga wani gari, an kuma ɗauki sababbin malamai har biyar, yara ƙanana waɗanda ko hidimar ƙasa jiya-jiya suka gama. Kuma kin san a ina na ji? A zauren WhatsApp na malamai! Ni da Hajiya ba ta iya sayen alli sai ta tambaye ni. Ajin shida da nake riƙe da shi, wanda duk shekara yarana ke cin jarrabawar shiga sakandare, an ɗauka an ba wata yarinya sa'ar ƙanwata ta uku, wai tana da digiri, ni kuma takardar shaidar malanta ta NCE gare ni. Ni an tura ni nazare, wajen masu kuka da majina.

Ba aikin ne na raina ba, Allah ya sani. Amma a ce ko kira na Hajiya ba ta yi ba? Ai zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi. Da ta zaunar da ni ta ce wance ga abin da ake ciki, wallahi da na haƙura. Na ji ƙishin-ƙishin ma albashin yarinyar ya fi nawa. Ni ban taɓa yi wa Hajiya maganar kuɗi ba, ko takardar ɗaukar aiki ba mu taɓa yi ba, tsakaninmu amana ce, uwa na ɗauke ta. Watan hutu ma da ba a biya, ban taɓa cewa uffan ba.

Yanzu yarinyar nan kullum sai ta zo tana wani "Anti, ina rajistar bara? Anti, yaya kike koyar da kaza?" Sai in ce mata ta tambayi digirinta. Sabon shugaban kuma ya kafa dokar sa hannu ƙarfe bakwai da rabi, har da ni. Har da ni, Gwaggo! Iyaye suna tare ni a bakin ƙofa suna tambaya ko wani laifi na yi. Me zan ce musu? A WhatsApp fa na ji. Wata ƙawata ta ce in ajiye aikin in ja iyayen da suka yarda da ni mu buɗe tamu, maigidana kuma kin dai san halin maza. Barci ya ƙaurace min. Don Allah ki ba ni shawara, in tafi ko in zauna?

Wata malama, Katsina

Wa alaikumus salam, 'yata.

Kin san ba na yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya, don haka bari in fara ba Hajiya haƙƙinta. Makarantarta ce, tana da ikon ɗaukar wanda ta ga dama. Wanda ya buɗe sashen sakandare dole ya nemi malaman lissafi da kimiyya da za su kai yara ga WAEC da NECO, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 masu makarantun kuɗi ke ji a jikinsu: man mota ya tashi, haya ta tashi, iyaye kuma sai zango ya raba kafin su biya. Sa hannu ƙarfe bakwai da rabi kuwa, ki sa abinki. Doka ce mai kyau, kuma tsohon ma'aikaci ne ya kamata ya riga kowa bin ta.

To amma ni ba WhatsApp ɗin nan da kika yi ta nanatawa ne ya tsaya min a rai ba. Abin da kika faɗa a tsakiyar wasiƙa kika wuce kamar ba komai ba, shi ya sa na ajiye tabarau na sake karantawa. Shekara tara ba takarda! Kuma har kina faɗa da alfahari, wai amana ce. 'Yata, wace irin amana ce wadda kullum mutum ɗaya ne ke cin ribarta? Hajiya ta rubuta yarjejeniya da mai gidan haya, ta rubuta da magina, tana ba iyaye rasit a kan kowace naira. Ke kaɗai ce aka bari da fatar baki, domin ke kaɗai ce kika yarda. Ina kyautata zaton yaran nan biyar da kike jin haushi ba wanda ya shiga aji sai da ya ji nawa za a ba shi. Ba digiri ne kawai ya sa albashinsu ya fi naki ba, sun buɗe baki sun tambaya.

Bari in juyo gare ku duka masu karatu, musamman mata, domin irin wannan wasiƙa ba yau na fara ganinta ba. Kun mayar da neman takarda rashin kunya. Wa ya gaya muku haka? Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma muminai aka yi wa umarnin a tsakaninsu. Dokar Ƙwadago ta ƙasar nan ma, a sashe na 7, cewa ta yi a ba ma'aikaci rubutacciyar takarda mai bayyana aikinsa da albashinsa kafin ya wuce wata uku da farawa. Sashe na 11 ya ce wanda ya kai shekara biyar a aiki, sai an ba shi sanarwar wata guda kafin a rabu. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun watan Yulin 2024, sai dai dokar ta ɗauke wa wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Ku kuma masu makarantu da ke kiran malamanku "'ya'yana" kuna riƙe musu kuɗin watan Agusta, ku ji tsoron Allah. Malami ba ya daina cin abinci don yara sun tafi hutu.

Ke kuma ba ki gaya min nawa ake biyan ki ba, ba ki ce ko an rage albashin da aka sauya miki aji ba, ba ki faɗi ku nawa ne ma'aikatan ba. Ki je ki ƙirga, da masu gadi da direba da masu shara, domin a kan wannan lissafin dokokin mafi ƙarancin albashi da fansho da na ambata suke tsayawa. Maganar maigidanki ma kin dunƙule ta. Ban san halin maza ba, halin naki nake son ji.

Kada kuma ki bari a raina miki takardarki. NCE ita ce matakin da tsarin ilimin ƙasar nan ya amince da shi don shiga aji, wanda kuwa ya yi digiri a fannin da ba na koyarwa ba sai ya ƙara da difilomar koyarwa ta bayan digiri, wato PGDE, kafin ya cika malami. Kin yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN? Idan ba ki yi ba, ki yi. Sannan shekara tara kina zaune a kan NCE alhali ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a garinku, ga karatun ƙarshen mako na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wannan sakacinki ne. Sabo turken wawa, ki yi haƙuri da kalmar.

Abu ɗaya da zan ja miki kunne a kai: yarinyar nan. Me ta yi miki? Aiki ta nema aka ba ta, kuma ta san girmanki tunda har take zuwa tana tambayar ki. Rajistar ba taki ba ce, ta yaran ce, su ne za su zauna jarrabawa a ƙarshen shekara. Gobe da safe ki miƙa mata. Shawarar ƙawarki ta janye iyaye kuwa, ki bar ta inda kika ji ta. Katsina ba ta da girman da za ki yi wannan a manta.

Kin tambaye ni ki tafi ko ki zauna. Ki zauna tukuna. Ki samu Hajiya a gida, ba a ofis gaban sabon shugaba ba, ki gaishe ta kamar yadda kika saba. Kada ki yi kuka, kada ki kawo zancen gidan haya da wankin wando, ta san su. Ki ce mata kina son takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da ainihin ranar da kika fara, da matsayinki, da albashinki har da watan hutu. Ranar farawar nan ki kafe a kanta, domin idan aka rubuta bana, shekarunki tara sun bi ruwa, kuma ita ce za ki nuna duk inda kika je neman wani aikin. Ki tambaye ta kai tsaye dalilin mayar da ke nazare, ki saurari amsar har ƙarshe ko da ba ta yi miki daɗi ba. Ki ba ta zuwa ƙarshen wannan zangon. Idan ta rubuta, ki riƙe ajinki ki shiga karatu. Idan ta ce "haba wance, tsakanina da ke har sai an yi takarda?", to ki fara kai takardunki wasu makarantun tun kafin hutun Disamba, ki ba ta sanarwar wata guda a rubuce, ki ajiye kwafi a wurinki.

Ki sake rubuto min bayan kun gana, kuma wannan karon ki faɗi albashin.

Gwaggonku