Kwatocinmu sun toshe, ba mu da kuɗi, ta ina za mu fara?

Malam, ka ce kwatocin layinku a Rigasa sun cika da leda, damina ta ƙarato, kuma aljihu babu nauyi. Kafin ku rubuta wa ƙaramar hukumar Igabi takarda, ku zauna da mai unguwa ku lissafa waɗanda kuke da su: magini, mai walda da ya koyi aiki a Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna, masu baro da shebur, matasan majalisar shayi. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Asuba, a sa ranar Asabar a yi gayya. Kuɗin simintin gyaran kwatocin kuwa, ku nemi shawarar matan da ke riƙe da adashi, sun fi mu iya tara kuɗi. Amma fa ma'aji ya riƙa karanta lissafi a bainar jama'a.