Hasken lesa a wurin biki: me ya sa yake lalata kyamarar waya, amma fim ya tsira?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ɗauki bidiyo a wurin dinar ƙanwata, fitilar lesa ta masu kiɗa ta haska wayata. Tun daga ranar, duk hoton da na ɗauka sai wani siririn layi ya ratsa shi. Wani tsohon mai hoto a unguwarmu ya ce da kyamarar fim ce babu abin da zai same ta. Gaskiya ne? — Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Dattijon nan ya san sana'arsa.

Fim leda ce da aka shafe da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Haske na taɓa ƙwaya sai ta canza, amma ido ba ya ganin canjin sai an kai wanki, inda sinadari ke mayar da ita baƙar azurfa. Shi fim bai damu da daga ina haske ya fito ba, na rana ne ko na lesa. Launinsa da yawansa kawai ya sani. To ita lesa launi ɗaya tak take fitarwa, don haka komai ya danganta da ko fim ɗin yana "ganin" wannan launi. Gishirin azurfa zalla shuɗi yake ji sosai. Sai a 1873 Bajamushe Hermann Vogel ya gano cewa in an ƙara rini zai ji kore, daga baya aka kai ga ja. Takardar hoton baƙi-da-fari kuwa ba ta jin ja, shi ya sa masu wankinta ke kunna jar fitila a ɗakin duhu. Jar lesa mai rauni kan irin takardar nan kusan aikin banza ce, amma koriya ko shuɗiya kan fim mai launi nan take za ta bar tabo, sau da yawa da zobe kewaye da shi, domin hasken kan ratsa ya daki bayan ledar ya dawo.

Asarar ke nan: hoto ɗaya. A murza fim, sabon fage ya shigo. Lesa mai ƙarfin gaske tana iya huda ledar ma, amma nan ɗin ma wuri ɗaya ne.

Kyamarar wayarki kuwa sensa ɗaya gare ta, wato ɗan faifan da ke karɓar haske a madadin fim, kuma a kanta kowane hoto ke sauka. Gilashin kyamara yana tattara hasken a ɗan mitsitsin wuri, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi a rana, sai ƙananan ɗigogin sensar masu jin haske da ke wurin su ƙone. Tunda layi-layi ake karanto su, ɓarnar wuri guda kan ja layin gaba ɗaya. Kada wani ya karɓi kuɗinki da sunan zai yi wa wayar filashin, wato ya sake zuba mata manhaja. Ba matsalar manhaja ba ce. Canjin kyamarar ne magani, kuma ki gwada ta a shagon kafin ki biya.

Abin dariyar shi ne, da lesa ake wanke hotuna da yawa da ke cikin albam ɗinmu. Injinan Frontier na kamfanin Fujifilm, waɗanda suka fito a 1996, da lesa uku, ja da kore da shuɗi, suke zana hoto a kan takarda mai gishirin azurfa, ɗigo bayan ɗigo, sannan a tsoma ta cikin sinadari.

Nan gaba in kin ga hasken lesa yana shawagi saitin fuskokin jama'a, ki sauke wayar, ki kuma kawar da kai. Sensa ana sayen wata a kasuwa, ido kuwa tabon lesa a cikinsa yana iya zama na dindindin.