Famfon zuciya da bawul mai yoyo: amsa ga Hajiya

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Kin ce an sa masa famfon zuciya na LVAD a Indiya, yanzu ƙafafu na kumbura, numfashi na yi masa wuya, likita ya ce bawul ɗin babbar jijiyar aota, wato ƙofar da ke hana jini komawa zuciya, yana yoyo, kina tambaya ko dole sai an sake buɗe ƙirji. Yayana ma irin wannan famfo gare shi, mai suna HeartMate 3, ni ke jinyarsa a nan Agege, kuma mun sha wannan.

Famfon daga ɗakin hagu na zuciya yake zuƙo jini ya tura cikin aota, dare da rana. Shi ya sa bawul ɗin kan daɗe bai buɗe ba, ga matsi a kansa, a hankali ya lalace. Idan ya fara yoyo, jinin da aka tura sai wani ya dawo zuciya, famfo ya sake ɗauka, kamar injin da ke tura ruwa tanki amma bututu na mayar da shi rijiya. Kada lambar da ke kan na'urar ta ruɗe ki. Ta yayana tana nuna jini na gudu sosai, alhali mutumin nan ko zuwa masallacin layinmu sai ya tsaya ya dafa bango.

Ba da tiyata aka fara mana ba. An ƙara masa Lasix, maganin fitar da ruwa daga jiki, aka rage gishiri, har da dunƙule, aka matsa wa hawan jini lamba, domin idan ya hau yoyon ma ƙaruwa yake. Awon hawan jinin da na'urar Doppler mai sauraron gudun jini ake yi, don ta kemis sau da yawa ba ta kama komai a jikin masu famfo. Sai gwajin eko, wato hoton zuciya, inda ake sauya gudun famfon ana kallon bawul. Idan aka rage gudu bawul na iya buɗewa, amma ruwa kan taru a huhu. Idan aka ƙara, numfashi ya yi sauƙi, yoyo kuma yana iya tsananta. Wannan aikin tawagar da ta sa famfon ne, kada kowa ya taɓa, ko da likita ne ɗan'uwa. Kuma yoyon nan ba ya tsayawa tsakanin bugu da bugu, don haka mai eko da bai saba ba kan ga kamar kaɗan ne. Mu a Legas muke yin hoton, mu tura wa tawagar da ta sa famfon bidiyon gaba ɗaya, ba takardar sakamako kawai ba.

Idan magani ya gaza, ana ɗinke bawul ɗin, ko a sauya shi da na naman dabba. Na ƙarfe ana gudunsa saboda daskarewar jini. Akwai TAVI, a zura sabon bawul ta jijiyar cinya, sai dai wannan bawul ba shi da taurin da zai riƙe sabon, famfo na iya janyo shi ciki. An ƙera wani, JenaValve Trilogy, mai kama fatun bawul ɗin. Ki tambaya ko maigida ya dace da shi. Dashen zuciya kuwa sai an tantance mutum.

Kada ya tsallake warfarin, maganin hana daskarewar jini, da gwajin INR da ake auna aikin maganin da shi. Ki riƙa auna nauyinsa kowace safiya kina rubutawa, ki haɗa da lambobin na'urar ki tura wa tawagar da ta sa masa famfon a makon nan. Idan ya kai ba ya iya kwanciya sai a zaune, ku nufi asibiti nan take, baturan famfon a cike, kin san cunkoson Legas.