Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Idan Uwa Ce Ke da Otizim

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan karon sun fi yawa a kan otizim, wanda wasu ke kira galahanga, amma ba na yara ba, na iyaye mata ne da suka haura arba'in. Na zaɓi huɗu daga nan Kumasi, na sakaya sunayen masu su kamar yadda suka roƙa.

Tambaya: Likita, ni tela ce a Aboabo, shekarata 44, 'ya'yana huɗu. Bara aka tabbatar autana yana da otizim. Da ake jero alamominsa sai jikina ya yi sanyi, don kamar ni ake siffantawa. Tun ina yarinya ba na iya kallon mutum cikin ido, hayaniya na sa ni ciwon kai, in aka sauya mini tsarin yini sai in rasa inda zan sa kaina. A gidan suna kallon bakin mata nake yi, in sun yi dariya ni ma in yi. Ana ce mini mai girman kai. Shin babbar mace mai aure da sana'a na iya samun wannan abu?

Amsa: Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa. Sai dai ba da girma ake kamuwa da shi ba. Da shi ake haihuwar mutum, yadda ƙwaƙwalwarsa ta ginu ke nan. Abu biyu muke dubawa. Na farko, wahalar karantar mutane: fuska, habaici, lokacin shiga magana da lokacin yin shiru. Na biyu, riƙo da tsari ɗaya, nutsewa cikin abin da mutum ke so har ya manta da ci, da jin ƙara ko haske ko wari ko ƙaiƙayin tufa fiye da yadda sauran mutane ke ji.

Akwai dalilin da ya sa kika kai 44 ba wanda ya lura. Likitan da ya fara bayyana yanayin a Amurka a 1943, Leo Kanner, yara 11 ya rubuta labarinsu, takwas daga ciki maza. Daga nan aka daɗe ana neman otizim da kamannin ɗa namiji. An saba cewa a cikin masu otizim, duk mace ɗaya akwai maza huɗu, amma wani nazari na 2017 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna abin ya fi kusa da maza uku, wato akwai matan da ake tsallakewa. A zangonmu kuma akwai ƙarin dalili. Yarinyar da ke sunkuyar da kai, ba ta surutu, ba ta fita wasa, yaba ta ake yi, a ce tana da kunya. Wa zai kai mai kunya asibiti? Sai ta girma tana kwaikwayon mutane, tana haddace gaisuwa da amsarta, kamar yadda kika ce kina yi a gidan suna. Wannan kwaikwayo aiki ne mai cin rai, kuma ba mai ganin gajiyarsa sai mai yin sa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba a tantance otizim ta saƙo, kuma fargaba mai tsanani, ko raunin ji, ko wata wahala da aka sha a yarinta na iya kama da shi. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna shi. Doguwar hira ce da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Ki fara da asibitin da ke kusa da ke, ki nemi a tura ki sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye. Ki tafi da wanda ya san ƙuruciyarki, mahaifiya ko gwaggo ko yayarki, kuma ki rubuta abubuwan da kike son faɗa a takarda, domin a gaban likita magana kan gudu. Masu ƙwarewa kan otizim ɗin manya ba su da yawa a ƙasar nan, don haka in ba ki gamsu a zuwan farko ba, ki koma. Kuma girman kan da ake jingina miki, ki sauke shi daga zuciyarki tun yau.

Tambaya: Shekarata 48, ina Asawase. An tabbatar mini da otizim shekarun baya, kuma ina tafiyar da gidana lafiya. Amma shekara biyun nan komai ya dagule. Ba na barci, zafi na taso mini, al'adata ta rikice, na daina iya shiga babbar kasuwar Kejetia, ko kukan jikana sai in ji kamar ana sara mini kai. Ciwon ne ke ƙaruwa?

Amsa: Hajiya, otizim ba ya ƙaruwa kamar ciwon suga ko hawan jini. Ƙarfin da kike jurewa da shi ne ya ragu. Abin da kika lissafa alamomin gabatowar ɗaukewar al'ada ne, wadda yawanci ke zuwa tsakanin shekara 45 da 55. Shekaru kafin ta ɗauke, sinadarin jikin mace da ake kira istrojin yana ta hawa da sauka, shi ke kawo tasowar zafi, gumin dare, mantuwa da saurin fushi. Macen da dama ƙara ke damunta, in aka hana ta barci wata da watanni, ƙaramar hayaniya ma ta ishe ta. Ga shi kuma a wannan shekarun ne nauyi ke haɗuwa: aurar da 'ya'ya, jinyar iyaye, renon jikoki. Kamar mai talla ce da ta yini da kaya a ka, sai da yamma aka ƙara mata wani tulin. Ba wuyanta ne ya lalace ba, kayan ne suka yi yawa.

Ki je a auna jininki ko ya yi ƙasa, musamman in al'adar na zuba da yawa, a duba suga da hawan jini da ƙwayar maƙogwaro ta tayirod, don wasunsu na kawo irin wannan gajiya, kuma kowannensu yana da magani. Ki tambayi likitan mata game da maganin da ke maye gurbin sinadarin da ya ragu. Yana taimaka wa mata da yawa, amma bai dace da kowa ba, musamman wadda ta taɓa yin kansar nono ko daskarewar jini a jijiya. In kuwa al'ada ta ɗauke shekara guda cur sannan jini ya dawo, kada ki jira, a duba ki.

Sauran gyaran a gida yake, kuma shi na fi so ki riƙe. Cefane da sassafe a ƙaramar kasuwar unguwa, ko ki aiki yaro Kejetia da jerin kaya a rubuce. Abin toshe kunne na soso, irin wanda ake samu a shagon magani, ki sa shi a ƙarƙashin ɗankwali in za ki hau motar haya ta trotro. Ba mai gani. Ki ware lokaci ɗaya kullum, ko bayan azahar ne, ki shiga ɗaki ki rage haske, yara su san wannan lokacin na Mma ne. Biki da suna kuwa, ki zaɓi na dole, ki je da wuri, ki gaisa, ki ba da gudummawarki, ki fito kafin a kunna lasifika. Zumunci ya cika.

Tambaya: Likita, ni magidanci ne a Tafo. Duk sanda muka dawo daga taro sai maiɗakina ta kulle kanta, ba ta magana har washegari. Wani lokaci ta toshe kunne tana kuka tana jijjiga jiki. Asibiti sun ce otizim ne, amma mahaifiyata ta ce aljanu ne, a kai ta a yi mata ruƙiyya. Na rasa wanda zan bi.

Amsa: Malam, Allah Ya saka maka da alheri da ka tsaya tambaya. Abin da kake gani yana faruwa ne idan ƙara da cunkoso da gaishe-gaishe suka fi ƙarfin ƙwaƙwalwarta. Wani lokaci abin ya fashe da kuka, wani lokaci ya rufe, har magana ta gagara fita ko da tana so. Ba gaba take yi da kai ba, ba ta kuma raina mahaifiyarka ba. Jijjiga jikin da take yi hanyar kwantar da kanta ce, kada ka hana ta.

A irin wannan lokaci ka rage magana. Ka fitar da yara, ka kashe talabijin, ka ajiye mata ruwa kusa, kada ka riƙe ta sai in za ta ji wa kanta ciwo, kuma kada ka tsare ta da “me aka yi miki?” Tambayar ta jira sai ta dawo daidai. Kafin ku fita taro ku yi shawara: ƙarfe nawa za ku dawo, da wace alama za ta yi maka in ta gaji.

Addu'a da karatun Alƙur'ani ba su saɓa wa asibiti ba. In tana so, ka zauna kusa da ita ka karanta a hankali. Abin da nake roƙonka da Allah ka hana shi ne a taru a kanta ana ɗaga murya, ko a turara mata hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko duka, ko ɗauri. Mai gudun ƙara aka yi wa haka, azaba aka ƙara mata. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Ghana ta 2012 ma ta haramta azabtar da mutum da sunan magani. Ka tafi da Hajiya mahaifiyarka asibiti a zuwanku na gaba, ta ji daga bakin likita. Iyaye sukan sauko in an girmama su da bayani. Abu ɗaya ka lura da shi: in tana faɗuwa, ko jiki na sandarewa, ko ta farka ba ta tuna abin da ya faru, ka gaya wa likita, domin farfaɗiya ta fi yawa a masu otizim kuma tana da magani.

Tambaya: Ni da ɗiyata duka muna da shi. Dangin mijina sun ce ni na shafa mata, wasu sun ce allurar rigakafi ce. An kuma tallata mini wani magani a WhatsApp wai yana warkarwa. In saya?

Amsa: Kada ki saya, 'yar'uwa. Babu ƙwaya ko sassaƙe da ke cire otizim. Magungunan da muke bayarwa na abubuwan da ke rakiyarsa ne, kamar rashin barci, fargaba, ciwon damuwa ko farfaɗiya. Gado na da babban hannu a ciki, amma ta wajen uwa da uba duka yake biyowa, kuma ba laifin kowa ba ne. Ba abin da kika ci ko kika yi da ciki. Zancen rigakafi ya samo asali ne daga wani rahoto da aka buga a Ingila a 1998, wanda aka janye a 2010 bayan an gano ha'inci a cikinsa, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Binciken da aka yi kan dubban ɗaruruwan yara bai sami wata alaƙa ba. Ki ci gaba da kai yara awo da rigakafi, don ƙyanda na kisa.

Kuɗin maganin nan ki kashe shi kan koyar da ɗiyarki magana da dabarun zaman yau da kullum. Ke kin san abin da ke ƙona mata rai tun kafin ta faɗa, kuma wannan babbar dama ce gare ta. Ki kula da kanki ke ma: ciwon damuwa ya fi kama mata masu otizim, musamman waɗanda suka daɗe suna ɓoyewa. In kika ji rayuwa ta fita daga ranki, ko tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki gaya wa wanda kika amince da shi a ranar, ki je asibiti mafi kusa, ko ki kira lambar gaggawa ta 112.