Tsohonmu ya ƙi a yanke masa ƙafa, ko za mu iya sa hannu a madadinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Tawa nake rubutowa. Mahaifinmu ya haura shekara 75, ya daɗe da ciwon suga. Wata biyu ke nan miki ya fito masa a ɗan yatsan ƙafa, aka yi ta sa maganin gida har ƙafar ta yi baƙi ta fara wari. Yanzu yana kwance asibiti. Likita ya kira ni da yayana ofis, ya ce in ba a yanke ƙafar ba ruɓar za ta shiga jini. Da muka gaya wa tsoho sai ya ce shi da ƙafarsa za a rufe shi. Yayana ya ce mu sa hannu a takardar, mu ce masa wanke mikin za a yi, in ya farka ya tarar an gama, tunda tsufa ya kama shi ba a biye wa maganarsa. Gaskiya yana mantuwa jefi-jefi, amma yana gane kowa, ba ya kuskuren lokacin salla, jiya ma shi ya tuna mini buhun hatsi biyu da ake binsa ya ce in biya. Ya halatta mu yi haka don ceton ransa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Ɗana, buhun hatsin nan biyu su ne suka yanke hukunci. Mutumin da yake kwance cikin zafin ciwo ya tuna haƙƙin wani da ke wuyansa, ya san adadinsa, ya ba da umarni a biya, wannan mai hankali ne cikakke a shari'a. Izinin taɓa jikinsa yana hannunsa. Sa hannunka da na yayanka ba sa zama izini, kuma cewa da shi wanke miki za a yi alhali yanka za a yi haramun ne: ƙarya ce ga mahaifi, sannan ta'adi ne ga jikinsa.

Ka duba babin hajru a littattafan mazhabarmu, inda ake lissafa waɗanda ake riƙe wa hannu: yaro, mahaukaci, wawa mai ɓarnar dukiya, wanda bashi ya cinye, da sauransu. Ba za ka ga tsufa a ciki ba. Ko mai ciwon ajali da aka hana shi kyautar da ta wuce sulusin dukiyarsa, Shehu Halilu, malamin Malikiyya mai littafin Muhtasar, ya cire abincinsa da maganinsa daga hanin. A cikin Muhtasar ɗin dai ya jera likitoci uku da ke biyan abin da suka ɓata: wanda bai san aikin ba, wanda ya yi sakaci, da wanda ya yi aiki ba da izini abin la'akari ba. Izinin ɗa a kan uba mai hankali ba abin la'akari ba ne. Ke nan dabarar yayanka har likitan za ta jefa cikin lamuni.

Na san akwai maganar da za a kawo muku, gara ka ji ta daga bakina. Ibn Hazm, malamin Andalus da ya rasu shekara ta 456 bayan hijira, ya ce a cikin littafinsa Muhalla wanda ya yanke hannun da ruɓa ta ci ba da izinin mai shi ba, in ya tabbata hannun ba zai warke ba kuma zai kashe shi, to ya kyauta, babu komai a kansa. Ya kafa hujja da ayar taimakon juna a kan alheri da umarnin neman magani. Wasu malaman zamani ma sun karkata nan, suka ce tunda ceton rai wajibi ne, ƙin majiyyaci ba ya hana likita aiki in lamari ya kai gargara.

Ban gamsu da wannan ba, kuma abin da ya hana ni gamsuwa ya faru ne a ɗakin Annabi (SAW) kansa. Nana A'isha ta ba da labari, Buhari da Muslim suka fitar, cewa a ciwonsa na ƙarshe sun yi masa ɗurar magani ta gefen baki, yana yi musu nuni da su bari. Suka ce ai ƙin magani ne irin na marar lafiya. Ka ji, hujjar yayanka ke nan tun a wancan zamani. Da ya farfaɗo bai yaba musu ba, sai ya ce kowa da ke ɗakin a yi masa irin ɗurar, in ban da Abbas da bai halarta ba. Iyalansa ne, ba mai shakkar ƙaunarsu gare shi, amma kyawun niyya bai wanke su ba. Masu wancan ra'ayi sukan ce ai maganin ne bai dace da ciwon ba, don sun zaci wata cuta ce dabam. To wannan ma a kansu take komawa: ga masoya sun haƙiƙance sun san abin da ya fi masa, ashe kuskure suke. In an yi horo a kan kurɓin magani da ke wucewa, ina ga ƙafar da ba ta komowa?

Sannan ga matar nan mai farfaɗiya a hadisin Ibn Abbas, wadda aka ba zaɓi tsakanin haƙuri da addu'ar waraka. Ta zaɓi haƙuri, aka bar ta da zaɓinta.

Kuma sharaɗin Ibn Hazm tabbaci ne, alhali tiyata ga dattijo mai ciwon suga rinjayen zato ce. Akasari takan ceci rai, amma akwai wanda ba ya tashi daga gadon aikin, akwai wanda mikin yankan ya ƙi warkewa a sake yanka daga sama. Wanda zai ɗauki wannan kasada da jikinsa shi ke da ikon cewa na yarda. Ko su malaman zamanin da suka sassauta, likita suka yi wa magana a halin gaggawa, ba su ba ɗa damar shirya wa ubansa ƙarya ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta haɗa abu biyu a hukunci ɗaya: magani yana zama wajibi in barinsa zai kai ga halaka, kuma sai da izinin majiyyaci in hankalinsa cikakke ne. Babu karo a tsakaninsu. Hajji ma wajibi ne a kan mahaifi mai hali, amma ba ka da ikon sayar da shanunsa a ɓoye ka biya masa kujera.

Ka kuma yi tunanin kwanakin da ke bayan yankan. Watanni ne na wanke miki, allurar suga, cin abinci a kan ƙa'ida, koyon tafiya da sanda. Duk daga hannunku zai karɓa. Dattijon da ya farka ya ga ƴaƴansa sun yaudare shi yana iya ƙin abincin da maganin gaba ɗaya. Labarin kuma zai kai ƙauye, wani tsoho ya ji, ya rantse ba mai kai shi asibiti.

Kada ka fahimci cewa na goyi bayan ƙin da ya yi. In likitoci sun rinjayar da cewa yankan ne zai tsirar da shi, abin da nake gani shi ne ya wajaba ya yarda, kuma ku ne za ku kai shi ga yardar ta hanyar gaskiya. A nan akwai wata kalma a wasiƙarka da ta tsaya mini: likita ya kira ka da yayanka ofis. Shi mai ƙafar fa? Ashe har yau likita bai zauna da shi ya yi masa bayani ba. Saƙo kawai aka aiko masa. Wannan ɗabi'a ta yi mana yawa, a tsaya a kan gadon dattijo ana Faransanci da ɗansa, shi yana bin bakuna da ido kamar ba jikinsa ake zance ba. Haƙƙinsa ne a yi masa bayani da Hausa, a natse, kusa da kunnensa in ji ya yi rauni: daga ina za a yanke, ƙasan gwiwa ko samanta, me zai faru in an bari, kwana nawa ake da su. Ka roƙi likitan da ladabi ya zo da safe, lokacin da tsofaffi suka fi wartsakewa. In tsoho ya nemi wani likita ya sake dubawa, a Galmi ko a Yamai, ku yi masa, muddin likitansa ya ce jikin zai ɗauki tafiya kuma lokaci bai ƙure ba.

Sannan ka zauna da shi kai kaɗai, ka tambaye shi abin da yake tsoro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maganarsa ta "da ƙafata za a rufe ni" tana nuna mini damuwar addini ce. Ka gaya masa ƙafar da aka yanke ana naɗe ta a ƙyalle a binne ta da mutunci, kuma Allah zai tashe shi da cikakkiyar halitta. Wanke ta a alwala ya faɗi daga kansa, sallarsa a zaune cikakkiya ce. Ka ba shi labarin Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga fakihan Madina bakwai, wanda ruɓa ta kama ƙafarsa aka yanke ta a Dimashƙa zamanin Walidu ɗan Abdulmalik, ya ce Allah ya ba shi gaɓoɓi huɗu ya karɓi ɗaya ya bar masa uku. In limamin unguwarsu ko wani abokinsa na ƙuruciya zai fi ka shiga ransa, ka ɗauko shi. Mai yiwuwa kuma kuɗi ne: ya ji kuna ƙus-ƙus a kan sayar da gona. Ku daina lissafin jikkuna a gabansa.

Ka kula da abu ɗaya. Zazzaɓin ruɓa da hawa da saukar suga sukan rikita hankalin dattijo na ɗan lokaci. Abin da ya faɗa a cikin ruɗewa ba a gina hukunci a kansa, ko yarda ce ko ƙi. Don haka ku tambaye shi tun yau, a gaban likita da shaidu biyu, abin da yake so a yi in ya fita hayyacinsa. In ya suma kafin a yi masa bayanin da na faɗa, to ƙinsa na farko ba a kan sani yake ba, waliyyinsa sai ya ba da izinin abin da likitoci suka ga shi ne maslaha. In kuwa ya ji komai ya fahimta ya tsaya a kan bakansa, ba ku da laifi wurin Allah, kuma kada ku jira ya suma ku zagaye shi. Ku ci gaba da lallashi, ku ci gaba da jinya: maganin zafi, wanke miki, juya shi a kan gado kada bayansa ya yi gyambo.

Kada kuma a sake shafa wa ƙafar wani ƙulli ko toka. Lokacin da za a canza masa tufafi ko a sa masa robar fitsari, ku ja labule, ku fitar da masu dubiya. Matar nan mai farfaɗiya da ta haƙura da ciwon, abu ɗaya ta roƙa: kada al'aurarta ta buɗe.

Yayanka kuwa kada ka yi masa kallon mugu, tsoron rasa uba ne ya kai shi nan. Ka karanta masa wannan amsa ku biyu, ba a gaban ƙannenku ba. Buhun hatsin nan kuma ka biya su yau, ka komo ka shaida wa tsoho an biya. Allah ne mafi sani.