Bindigar Gado Mai Baki Biyu: A Harba Ko A Rataye?

Tambaya: Malam, na gaji bindiga mai baki biyu, irin mai guduma biyu a waje da ake ɗanawa da babban yatsa. An rubuta "W. Richards" a gefenta, ƙarfen bakin kuma yana da zane kamar murɗaɗɗiyar igiya. Ta Ingila ce? Zan iya sa mata kartushin kasuwa? Daga mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Alhaji, kartushi kam a'a, kar ma a gwada. Zanen nan da ka gani ƙarfen Damaskus ne: tsinkayen ƙarfe aka murɗa, aka naɗe, aka dake su da wuta har suka haɗe. Tsatsa kan ɓuya a mahaɗar, ido ba ya gani. An ƙera yawancin irinsu ne don baƙin albarushi, ramin kartushinsu galibi milimita 65, na kasuwar yau kuwa 70 ne. Zai shiga lafiya lau, nan ne ma yaudarar take, domin sai an harba bakinsa yake buɗewa, ya rasa wuri, matsi ya hau. In ta fashe, kusa da hannun hagu take fashewa.

Suna kuwa ba shaida ba ne. Maƙeran Beljiyam sun buga "W. Richards" a dubban bindigogi masu araha don a ɗauka na Westley Richards ne, sanannen kamfanin ƙera bindiga na Birmingham a Ingila, ko da yake akwai W. Richards na gaskiya a Liverpool, can Ingila. Cire katakon gaba, ka raba bakin da jiki, ka duba shafaffen wurin da ke ƙarƙashinsa. Haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, ta birnin Liège ce, a Beljiyam. Sanduna biyu a gicciye da kambi a sama, hatimin gidan gwajin bindigogi na Birmingham ne, wanda aka kafa a 1813. In akwai "Not for Ball", an gwada ta tsakanin 1875 da 1887.

Tunda bakin yana hannunka, rataye shi da zare ka ƙwanƙwasa da farce. Lafiyayye ƙara yake kamar ƙararrawa. In ka ji kaf-kaf, dalmar da ta riƙe bakunan biyu ta saki. Ko rataye ta za ka yi, nemi takardar izinin hukuma tukuna.

Tambaya: Tawa ƙotarta ta tsage da hunturun bana. In goge ta da yashi in shafa fenti? Daga mai karatu a Zango.

Amsa: Haba ɗan'uwa! Masu tara irin waɗannan bindigogi tsohon launin suke saya. Wanda ya goge, kuɗinsa ya goge. Katakon ƙasar danshi ne, iskarmu ke tsotse shi. Ɗigo biyu na man lin (linseed, man shafa wa katako) a tafin hannu, a murza sau ɗaya a wata. Baƙin man mota kuwa jiƙa katako yake har ya ruɓe daidai mahaɗarsa da ƙarfe, shi ya sa ake jingine bindiga baki ƙasa, don kar mai ya gangara cikin ƙota. Tsagar kuma a bar wa gwani, kar a buga ƙusa.