Aiki a shagon wiwi mai lasisi a New York: in karɓa?

Tambaya: Ina zaune a Bronx shekara huɗu ke nan, ina da girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin a Amurka. An yi mini tayin aiki a wani shagon sayar da tabar wiwi mai lasisin gwamnati, albashin kuma ya fi abin da nake samu a tuƙin tasi. Tunda doka ta halatta, akwai matsala?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka karɓa. Batun halal da haram na bar maka shi da malamanka, ni kan takardunka zan tsaya.

Gaskiya ne jihar New York ta halatta wiwi a watan Maris na 2021. Duk wanda ya kai shekara 21 yana iya riƙe oza uku, wajen giram 85, ɗan sanda ba zai ce masa uffan ba. Ba ita ta fara ba: Kalifoniya ta buɗe ƙofar amfani da ita don magani tun 1996, Colorado da Washington suka halatta ta don nishaɗi a 2012. Shi ya sa za ka ga shago tsaf kamar kyamis, mai gadi a bakin ƙofa yana duba katin shaida, kaya a jere cikin gilashi kowanne da farashinsa.

To amma Amurka hawa biyu ce wajen doka. Jiha na da tata, tarayya na da tata, kuma dokar tarayya ta 1970 kan miyagun ƙwayoyi ba ta halatta wannan cinikin ba. Girin kad ɗinka ba gwamnan New York ya ba ka ba, tarayya ce. A watan Afrilun 2019 hukumar USCIS, mai kula da shige da fice da ba da takardar zama ɗan ƙasa, ta fitar da bayani ƙarara cewa aiki a harkar wiwi na iya hana mutum cika sharaɗin kyakkyawan hali da ake nema kafin a ba shi takardar zama ɗan ƙasa, ko da jiharsa ta halatta. Ba sai an taɓa kama ka ba. Ranar ganawar neman zama ɗan ƙasa jami'i zai buɗe fayil ya tambaye ka inda ka yi aiki a shekaru biyar da suka wuce, ga takardun harajinka ɗauke da sunan shagon, kai kuma ka riga ka ɗaga hannu ka yi rantsuwa. Ƙarya a nan ta fi wiwin haɗari. Abokin aikinka da aka haifa a Brooklyn ba ruwansa da wannan duka, kai ne za ka kwana ciki. Idan har ranka na kan aikin, ka biya lauyan shige da fice ya duba lamarinka tukuna.

Tambaya: Likita ya ba ni katin wiwin magani saboda ciwon baya, man yana yi mini amfani. Zan iya tafiya da kwalba ɗaya Kano in kai wa mahaifiyata mai ciwon gwiwa?

Amsa: Allah Ya ba Mama lafiya, 'yar'uwa, amma bar kwalbar a gida. Katin nan na jiharki ne, ko jihar Idaho kika shiga da ita kin taka doka, balle ki tsallaka teku. Ki tuna Brittney Griner, 'yar wasan ƙwallon kwando: a Fabrairun 2022 aka tsare ta a filin jirgin Mosko da man wiwin da bai kai giram ɗaya ba. Lauyoyinta sun nuna takardar likita, kotu ta yanke mata shekara tara, sai musayar fursunoni ce ta fitar da ita.

A Najeriya wiwi haramtacciya ce, jami'an NDLEA kuma suna nan a filin jirgin Malam Aminu Kano, dokarsu ta tanadi hukuncin da ya kai ɗaurin rai da rai kan shigo da ita. Kuɗin kwalbar ki kai Mama asibitin ƙashi na Dala a ɗauki hoton gwiwar.